Duwatsun da Aka Danne Ƙyalle da Su

Akwai wani mutum wanda sana'arsa gugar duwatsun ado ce. Yakan sayo su ɗanye daga wurin masu haƙa, ya yanka, ya wasa, ya goge, har dutse ya fito sumul, ƙasansa a shimfiɗe, samansa ya yi tudu kamar rabin ƙwan zabuwa. Irinsu ne maƙera suke dasawa a zobe da abin wuya. Yana da 'ya'ya biyu maza, dukansu a hannunsa suka koyi aikin. Babban, Filibus, ya kama gugar agat. Ƙaramin, Zakka, ransa ya fi kwanta wa yasfa.

Duwatsun nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Agat haske yana ratsa shi. Yasfa kuwa a toshe yake, ja ne mai duhu da jijiyoyi rawaya da kore, haske ba ya shigarsa, a fuskarsa yake tsayawa. Uban ya san wannan tun yana saurayi, amma za ku ji yadda ya manta.

Da zamani ya juya, masu saye suka daina zuwa da ƙafarsu, sai su ce a turo musu hoto ta waya. Tsohon ya sha wuya kafin ya iya. Ya ɗauka da tsakar rana, wani farin tabo ya zauna a kan kowane dutse ya rufe launinsa. Ya kunna hasken wayar, tabon ya ƙaru. Ya gwada ƙarƙashin ƙwan lantarki, duk suka fito rawaya kamar masu ciwon shawara. Ran nan sai ya rufe tagar ɗaki, ya tsayar da tocila tana kallon sama, ya kifa mata gilashi, ya ɗora agat ɗin Filibus a kai. Nan take dutsen ya haskaka kamar zuma a kwalba, zanen cikinsa duka ya bayyana. Tsohon ya yi ta murna har da tafi, shi kaɗai a ɗaki. Daga ranar, a wurinsa babu wani haske a duniya sai na tocilar nan.

Sai ya ɗora yasfan Zakka a kan gilashin, ya ɗauka. Abin da ya fito a wayar baƙi ƙirin ne, kamar guntun gawayi.

Ya kira Zakka ya nuna masa. "Dubi aikin yayanka, ka dubi naka."

Zakka ya ce, "Baba, a hannuna ja ne."

Uban ya ce, "Idonka ne yake son abinsa. Hoto ba ya son kai. Koma ka ƙara gogewa."

Zakka ya koma ya goge. Aka ɗora a tocila, baƙi. Ya sake gogewa, baƙi. Haka ya yi ta ci wa duwatsunsa jiki har suka sirance, mafi girman cikinsu ma, wanda ya fi ƙauna, ya tsage biyu a hannunsa. Sauran kuwa, uban ya zuba su a wani tsohon gwangwani ya tura bayan ƙofa.

Kada ku ce mutumin nan mugu ne. Yana ƙaunar ɗansa, shi ya sa abin ya fi ba ni tausayi. Da matarsa ta ce masa, "Baban Filibus, yaron nan ya daina magana a gidan nan, ka sassauta masa," sai ya amsa mata da zuciya ɗaya, "Ai gyara shi nake yi."

Wata rana Zakka ya zo ya durƙusa gaban ubansa, ya ce, "Baba, tun da hannuna bai iya gyaran dutse ba, ka yi mini izini in je inda ake fasa shi." Ya ɗauki jakarsa ya tafi wani gari, ya shiga cikin masu fasa tsakuwa a gindin tsauni. Uban ya ji zafi ƙwarai, amma ya ce a ransa kowa da abin da aka ba shi, Zakka dai ba a ba shi hannu ba.

Bayan an kwana biyu, da wata safiya, tocilar ta suɓuce ta faɗi ta fashe, ga kuwa wani mai saye yana jiran hoto. Dole tsohon ya fito bakin ƙofa, yana gunaguni. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan benci, ya jera agat ɗin Filibus. Rana ba ta yi sama ba tukuna, haskenta yana zuwa a kwance daga gefe, mai laushi. Iska ta yi ta ɗaga ƙyallen, sai ya miƙa hannu bayan ƙofa, ya jawo gwangwanin nan, ya ɗebo duwatsun Zakka ya danne kusurwoyi da su. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗauki hotonsa.

Da ya duba wayar, sai ya ƙura wa hoton ido. Agat ɗin yana nan da kyansa, amma ya dushe, tun da babu haske a bayansa. A kusurwoyin hoton kuwa ga wasu duwatsu jajaye kamar zoɓo, jijiyoyinsu rawaya da kore sun fito raɗau, fuskarsu sumul babu ko ƙwarzane. A duk shekarunsa na sana'a bai taɓa yin gugar da ta kai wannan ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ga yadda ya sirance, ya tuna wanda ya sa aka yi ta goge shi. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Bai aika wa mai saye da komai ba ranar. Mota ya shiga, ya tafi gindin tsaunin. Ya sami Zakka zaune a rana da guduma, tafin hannunsa duk ya farfashe. Tsohon ya tsuguna kusa da shi, ya miƙa masa wayar, ya ce, "Ɗana, dubi aikinka."

Zakka ya daɗe yana kallon hoton. Sa'an nan ya ce a hankali, "Baba, haka nake ganinsu tun farko. Da ka yi ta faɗa, sai na ɗauka idona ne ba shi da kyau."

Uban ya ce, "Idonka lafiyarsa lau. Ni ne na sa hasken inda bai kamata ba. Ka gafarta mini, ka zo mu tafi gida."

Zakka ya ajiye gudumar ya bi shi. Sai da hannunsa ya daɗe yana warkewa kafin ya iya riƙe ƙaramin dutse kuma. Dutsen nan da ya tsage kuwa, uban ya ajiye shi a kan taga, bai yarda a yar ba.

To, ga ma'anar misalin. Duwatsun nan mutanen da Allah ya sa a hannunmu ne: 'ya'yanmu, matanmu da mazanmu, 'yan'uwanmu a ikilisiya. Shi ya yi agat, shi ya yi yasfa, bai kuwa yi kuskure a ko ɗaya ba. Tocilar ita ce ma'auni ɗaya tak da muka saba auna kowa da shi. A wani gida ma'aunin sakamakon jarrabawa ne. A majami'a sau da yawa murya ce, wanda ya iya waƙa ko doguwar addu'a shi ne mai haske. Ita kuwa matar da take zuwa da sassafe ta share ɗakin sujada, da ɗan da bai iya magana ba amma shi yake zama da kakarsa idan ba ta da lafiya, mun ɗora su a tocilarmu, mun ga baƙi, mun tura su bayan ƙofa. Mun mai da su abin danne ƙyalle.

Hasken safiyar nan kuwa ba tsohon ne ya kunna shi ba, daga sama ya zo. Haka Ubangiji yake duban mutum, ya san gefen da kowannenmu yake haskakawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar Zakka. Idan babba ya yi ta ce wa ƙarami baƙi ne, ranar tana zuwa da ƙaramin zai daina gaskata abin da Allah ya nuna masa a kansa. Uban nan ya yi sa'a, tocilarsa ta fashe da sauran lokaci. Kai kada ka jira taka ta fashe. Idan ka koma gida yau, duba bayan ƙofarka. Akwai wanda kake ta cewa ya ƙara gogewa, alhali kuwa sirancewa yake yi a hannunka.