Kafiretar Alhaji Haladu

An ce wai a wani gareji a Yawuri an yi wani makanike, Mati, wanda ya wanke wa Alhaji Haladu kafiretar tsohuwar akori-kurarsa. Kwana uku da gyaran, mota ta dawo tana kakkarwa, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Haladu ya tsaya tsakiyar gareji ya rantse an sace masa kafireta an sa masa ruɓaɓɓiya. Dokar garejin kuwa ɗaya ce: wanda ya saci kayan mota, a fitar masa da akwatin sifanu waje, ba shi ba sana'a a garin. Mati kuwa ba shi da shaida sai Allah.

Aka kai magana gaban Baba Nomau, sarkin makanikai. Ya saurari kowa, ya ce, "Kun faɗi naku, saura motar. A tayar da ita."

Tsohon ya kara kunne, ya ji wani siririn fito a ƙarƙashin ƙarar inji. Ya tsoma gashin kaza a fetur, yana bin robobin iska ɗaya bayan ɗaya yana ɗigawa. Da ya kai wata 'yar roba can bayan kafireta, sai inji ya zabura, ya daidaita, sannan ya koma rawarsa.

"Nan take shan iskar da ba a ba ta ba," in ji shi. Ya zare robar, ga ta da huji, gefensa duk sawun haƙora. "Alhaji, me kake dako, kuma ina motar ke kwana?"

"Kifi banda, Baba. A ƙofar sito."

"To, ga ɓarawonka, mai jela ne. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari."

Aka sa sabuwar roba, inji ya kwanta lumui. Haladu ya sunkuya ya ce a asirce, "Mati, yi haƙuri."

Baba Nomau ya ce, "A'a, Alhaji. Da ƙarfi ka ce ɓarawo, har mai shayi ya ji. Rumfa goma sha ɗaya ce a garejin nan, bi su duka ka warware da irin wannan muryar."

Haka ya bi su da rana tsaka, Mati na tsaye yana share ƙwalla.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, kada ka ɗaga murya da zargi sai ka tabbata za ka iya ɗaga ta da ban haƙuri.