Festo da itatuwan mahaifinsa

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu, kusa da Ifakara, ana kiransa Mzee Likoko. Shi ya fara dasa itacen tik, mai katako mai tsada, a bayan gonar shinkafarsa, maƙwabta suka bi sahu.

Da itatuwan suka shekara goma sha biyu, sai kafintan garin, Mhando, ya tara manoma. Ya ce, "Ku ƙara haƙurin shekara takwas kafin ku sare su. Mu haɗu mu sayi inji, mu tsaga katakonmu, mu busar, mu yi kujeru da ƙofofi da hannunmu."

Kowa ya yarda, ban da Festo, ɗan Mzee Likoko, wanda bai daɗe da dawowa daga Darussalam ba.

Ya yi dariya ya ce, "Shekara takwas? Mhando, kai da ko bencin coci ba ka iya daidaita wa ƙafa ba!"

Lokacin idon tsohon ya fara mutuwa. Festo ya kawo dillalin katako ba da saninsa ba. Ƙarar zarto ce ta fito da tsohon daga ɗaki yana lalube.

"Festo, me nake ji?"

"Baba, koma ka zauna. Itace ne fa, ba mutum ba."

Cikin kwana uku aka kwashe itatuwan. Tsohon ya sa aka kai shi, ya dinga shafa kututture ɗaya bayan ɗaya.

Festo ya sayi tsohuwar motar haya da kuɗin. Ba ta shekara biyu a hanya ba ta kwanta.

Shekaru suka cika, maƙwabta suka sare nasu. Yau kujerunsu har otal-otal na Zanzibar ake kaiwa.

Bara Mzee Likoko ya rasu. A gidan mutumin da ya koya wa gari dashen itace, aka rasa katakon da za a yi masa akwatin gawa.

Festo ya je wurin Mhando, kansa a ƙasa.

Mhando ya zaɓo katako mafi kyau, ya ce, "Ba don kai ba ne. Matsa, za ka tare mini haske."

Festo ya tsaya a bakin ƙofa har aka buga ƙusa ta ƙarshe. Ba wanda ya ce masa ya zo ya kama aikin.

Darasi: Abin da wani ya yi shekaru yana reno, kada gaggawarka da girman kanka su cinye shi a kwana uku. Ku tura wa duk wanda gonar iyayensa take hannunsa.