Waƙa ta Goma da Bah Donbok Ya Cire

Akwai wani dattijo a garin Shillong da ake kira Bah Donbok, Bah ɗin laƙabin girmama maza ne a wurinsu, kamar Malam. In ka gan shi da safe yana gangarowa daga unguwar Laban da lema a hammata, ba za ka ce ya taɓa riƙe jita ba. Shekarunsa sittin ba ɗaya, kuma shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya. Tun da matarsa ta rasu gidan ya koma hannun autarsu kamar yadda aka saba a can, inda auta mace ke gadon gida, shi kuma girman kai bai bar shi ya zauna ƙarƙashin suruki ba.

Amma a da, shi ne mawaƙin wata ƙungiya ta samari huɗu mai suna Rufin Kwano. Sun buga waƙoƙi goma a kaset, kwafi ɗari uku kacal, suka rarraba a shagunan shayi. Ba su yi arziki ba. Sai dai kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin suka riƙa ba da labarinsa.

Tara daga cikin waƙoƙin Donbok ne ya rera. Ta goma, wadda ta fi kowacce tsawo, ta Kyrshan ce, makaɗin gangarsu. Shi da kansa ya rera ta da wata murya mai kaushi, ranar da ya dawo daga binne mahaifiyarsa.

A kan wannan waƙar suka ɓata. Wani ɗan jarida ya rubuta cewa ita ce ran kaset ɗin, Donbok ya kasa haɗiyewa. A gaban mutane ya ce wa abokin nasa makaɗi ya tsaya a bayan ganga, waƙa ba ta kowa ba ce. Kyrshan ya ɗauki sandunansa ya fita. Sauran biyun, ɗaya ya rasu, ɗaya ya tafi ci-rani bai dawo ba. Shekara ashirin da takwas Donbok da Kyrshan suna gari ɗaya ba su gaisa ba.

Kuma kada ku ɗauka ba ya kewarsa. Yana kewarsa ƙwarai. Sau da yawa yakan hau motar Mawlai, unguwar su Kyrshan, sai ya sauka tun kafin a isa.

Wata rana wata mata mai suna Meghna ta kira shi daga birnin Bengaluru. Tana da ƙaramin kamfani mai farfaɗo da tsofaffin waƙoƙi, tana so ta fitar da nasu a faifan garmaho. Ta tambaya ko zaren asali da aka ɗauki sautin a kansa yana nan.

Yana nan. Donbok ya adana shi cikin gwangwanin biskit, da busasshiyar shinkafa da gawayi don su tsotse danshi, ya liƙe bakin da kakin zuma. Naɗi biyu ne: babba mai waƙoƙi tara, da ƙarami mai waƙar Kyrshan, don ita daban aka ɗauke ta.

Meghna ta yi masa bayanin cewa faifai ba kamar kaset ba ne. Kowace fuska ba ta wuce minti ashirin da 'yan kai, in aka matsa sai sautin ya shaƙe. Duka goman ba za su shiga ba. Shawararta ita ce a cire gajeru biyu daga cikin nasa a bar ta Kyrshan.

Donbok ya kira ta da laƙabin girmama mata na garinsu, ya ce, "Kong Meghna, ƙaramin naɗin ai ya ɓata tuntuni."

Ta ce kash, ta roƙe shi ya sake dubawa. Ya ce ya duba ko'ina.

Da ya ajiye wayar ya fasa kakin, ya zare ƙaramin naɗin ya ɗora a kan taga, ya aika wa Meghna gwangwanin da babban a ciki. Bai jefar da ƙaramin ba, bai kuma sake kallonsa ba. Damina ta shigo ta yi wata huɗu tana zuba, har takalman da ke ƙarƙashin gadonsa suka yi funfuna.

Bayan shekara guda faifan ya iso. Baƙi wul, mai nauyi, da hotonsu su huɗu a bango, Donbok a tsakiya da sumarsa ta da. Aka shirya ɗan taro da yamma a wani shagon kofi. Matasa suka cika wurin, suna ɗaukar hoto da shi, suna ce masa gwarzo. Ya yi ta murmushi yana sa hannu a bangon faifai, amma idonsa na kan ƙofa. Duk wanda ya san shi da suma bai zo ba.

Da aka fara watsewa, wata budurwa ta matso da faifai biyu a rungume. Ta ce sunanta Ibarihun, 'yar Kyrshan ce.

Donbok ya tambaye ta babanta, yana ƙoƙarin yi kamar tambayar banza ce.

Ta gaya masa abin da duk Mawlai suka sani, shi kaɗai bai sani ba. An yi wa Kyrshan aiki a maƙogwaro tun tana shekara uku, aka cire masa abin magana gaba ɗaya. Da ƙaramin allo da alli yake hira. Kaset ɗinsu na gida ya daɗe da lalacewa, waɗanda ta samo wurin mutane kuma sai shuu kawai suke yi a ƙarshe.

"Bah, ban san muryar babana ba," in ji ta, tana dariya don kada ta yi kuka. "Na aro garmaho wurin fastonmu. Gobe bayan coci za mu sa. Ya ce tasa ce ta ƙarshe a fuska ta biyu. Ka zo mana, zai ji daɗi."

Ba ta ko juya bangon ta karanta jerin waƙoƙin ba.

Da ya koma ɗaki ya nufi taga kai tsaye. Naɗin ya yi kore, zaren ya manne ya zama curi guda. Da ya ja bakinsa a hankali, sai baƙin gari ya zubo masa a tafin hannu. Ya kira Meghna ya faɗa mata gaskiya. Ta ce in har ya fara zuba haka, babu mai iya ceto shi.

Washegari ya hau motar Mawlai, wannan karon bai sauka a hanya ba.

Ya tarar an riga an sa faifan, allura ta kai ƙarshe tana ta ƙas-ƙas, babu wanda ya tashi ya ɗaga ta. Ibarihun na zaune a ƙasa da bangon faifan a cinyarta, yanzu kam ta karanta. Kyrshan na kan kujera, ya rame, da ƙyalle ɗaure a wuya.

Donbok bai zauna ba. A tsaye ya faɗi komai, da ƙaryar da ya yi, da tagar, da damina. Bai rage wa kansa ko kaɗan ba.

Kyrshan ya dube shi. Ya tura masa faranti na kwai, wani abin taunawa irin goro, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ya jawo allonsa ya yi rubutu, ya juyo masa.

"Ba komai. Kai ne mai murya. Rera mata, ta ji ko yaya take."

Sai ya fara buga tebur da yatsu biyu, a hankali, daidai yadda waƙar take farawa. Ibarihun ta ɗago kai tana jira.

Donbok ya buɗe baki. Layin farko ya zo masa, ya rera. Na biyu bai zo ba. Kyrshan ya sake zagayowa da kiɗan don ya ba shi dama, ya sake, har sau uku. A nan ne Donbok ya gane cewa waƙar da ya yi kusan shekara talatin yana jin haushinta, ko sau ɗaya bai taɓa zama ya saurare ta har ƙarshe ba.

Yatsun Kyrshan suka tsaya. Ibarihun ta tashi ta ɗaga allurar, ta mayar da faifan cikin bangonsa.

Darasi: Abin da ka danne na ɗan'uwanka don naka ya fito, wataƙila shi kaɗai ya rage masa a duniya. Neman gafara yana da kyau, amma ba ya dawo da abin da girman kai ya lalata. In akwai wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba, ka je tun akwai abin da za ka kai masa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, ba ku san wanda yake bukatar jin wannan yau ba.