Amsar da Malama Ta Ba Likita

Malama mace ce mai kirki, amma tsoron bakin mutane ya yi mata katutu. Ƙanenta, wani mai gyaran waya, yana ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, kuma duk duniya ita kaɗai ya gaya wa. Ita ce ma ta hana shi zuwa karɓar magani, wai kada a gan shi a layi. Katinsa na asibiti kuwa ta cusa shi can ƙasan jakarta.

Ya yi mako biyu yana fama da ciwon kai. Ran nan da hantsi yana cikin aiki, sai ya kife a kan tebur, jiki na karkarwa, baki ya karkace. Maƙwabtan shago suka kwashe shi sai asibiti.

Aka ɗauki hoton kansa. Likita ta nuna wa Malama wasu tabo uku masu kama da zobe a cikin ƙwaƙwalwa, ta ce, "Ke ce yayarsa? Yana da wani ciwo da ke raunana garkuwar jiki?"

Malama ta waiga. Ga maƙwabta nan cirko-cirko a bakin ƙofa, kowa ya baza kunne.

"Wa? Shi? Allah ya kiyaye! Kwanan nan aka gwada shi, lafiyarsa ƙalau."

"A sake gwadawa mana."

"Ban yarda ba. Kada a ɓata mana suna."

Jin haka, likitoci suka karkata ga zaton ciwon daji, aka shiga jiran wanda zai buɗe kan ya ɗebo nama a duba. Kwana shida ana jira, Malama na zaune a gefen gado. Tana kallo hannunsa na dama ya daina motsi. Tana kallo ya dube ta bai gane ta ba. Ran na shida aka yi ta girgiza shi, ko ido bai buɗe ba.

Nan fa hankalinta ya tashi. Ta bi likita da gudu, ta zazzage jaka a ƙasa, ta miƙa mata katin.

Likita ta karanta, sannan ta ce, "Haba, baiwar Allah! Wannan ai wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka a kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba. Tana kwance a jikin mutane da yawa, sai garkuwa ta karye take tashi ta hau ƙwaƙwalwa. Maganinta yana nan ƙasa a ɗakin magani. Da kin faɗa, da tun ranar farko muka fara."

Aka fara. Bayan mako biyu tabon suka ragu, ya farfaɗo. Sai dai hannun bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Da harshensa ya ɗan sake, sai ya kamo gefen mayafinta da hagu, ya ce da ƙyar, "Yaya, na gode. Ba don ke ba da na mutu."

Malama ta fita baranda ta fashe da kuka.

Darasin shi ne, kada kunya ko tsoron surutu su sa ka ɓoye wa likita gaskiya. Idan mutane sun yi yawa, ka nemi ku keɓe. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ya riƙe maganinsa, kuma ciwon kai mai naci ko farfaɗiya a gare shi ba abin jira ba ne. Surutun mutane yana wucewa, amma abin da ciwo ya lalata a ƙwaƙwalwa ba kullum yake gyaruwa ba.