Ƙararrawar Da Wendell Ya Toshe Wa Baki

Akwai wani dattijo mai suna Wendell, tsohon direban babbar mota. Bayan ya yi ritaya, shi da matarsa Marlene suka koma zama a motar gida, mai gado da kicin a ciki. Sanyi na shigowa sai su gangaro hamadar Arizona, su yada zango tare da sauran tsofaffi irinsu.

Wendell mutumin kirki ne, amma ba a gaya masa magana a kan mota. Ko taya ka ce ta yi laushi, sai ya tambaye ka shekara nawa ka yi a kan titi.

A ƙasan kicin ɗinsu, dab da daɓe, akwai 'yar ƙararrawa mai shinshino gas. Tun da suka biyo wata hanya mai gargada ta fara kuka. Yau ta yi, gobe shiru, jibi ta sake.

"Biskit ne," in ji Wendell, yana nuna karensu da ke kwana a gindinta. "Tusarsa ce ke tayar da ita. Tambayi kowa a zangon nan."

Gaskiya ne, hakan na faruwa, maƙwabta ma dariya suka yi ta yi. Amma hankalin Marlene bai kwanta ba. Ta lura ƙararrawar ba ta kuka sai an rufe tagogi.

"Wendell, mu kira mai gyara ya duba bututun gas."

"In kira yaro ya koya mini mota? Ke dai tsoro ya yi miki yawa."

Ya durƙusa ya zare fiyus ɗin da ke ba ƙararrawar wuta, ya jefa a aljihun tebur. Marlene ta san gardama da shi ɓata yawu ne. Da ya fita hira, ta ɗauko ta mayar.

Ranar Asabar hadari ya haɗo, suka rufe tagogi ruf, suka tafi kasuwa da karen. Da la'asar suka dawo, Wendell na gaba yana mitar yana son shan kofi, Marlene na biye riƙe da Biskit.

Tun daga nesa Marlene ta ji kukan ƙararrawar. Wannan karon ba ya tsayawa.

Wendell ya juyo, fuska a murtuke. "Ke kika mayar da fiyus ɗin?"

"Ni ce."

"Wato maganata ba ta da daraja ke nan."

Ya buɗe ƙofa ya shige, ya ɗora buta a kan murhu, ya zaro laita daga aljihu. Shekaru sun kashe masa hanci, ba ya jin warin komai. Marlene kuwa tana taka matakala warin ya buge ta, kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Ta san in ta yi masa tsawa, taurin kai zai sa ya ƙyasta.

"Wendell," ta ce a hankali, "dube ni. Wa ke hannuna?"

Ya waiwayo, babban yatsansa a kan laitar.

"Biskit tare da mu ya wuni. To wa ya tayar da ita?"

Ya dubi karen, ya dubi ƙararrawar. Yatsan nan bai motsa ba.

"Kar ka taɓa komai, ko fitila. Fito."

Ya fito kamar mai tafiya a kan ƙwai. Ta zagaya ta murɗe kan tukunyar gas ta rufe, suka bar ƙofa a wangale, suka ja da baya.

Da iska ta kwashe warin, mai gyara ya zo ya shafa ruwan sabulu a mahaɗin bututu bayan murhu. Ya ɗan buɗe gas, nan take kumfa ta taso. Gargadar hanya ce ta sassauta shi.

Wendell na zaune a kan dutse, har yanzu laitar na damƙe a hannunsa. Marlene ta zo ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta karɓe.

"Saura kaɗan na kashe ki," ya ce. "A kan kofi."

Darasi: Duk abin da ke maka gargaɗi, na'ura ce ko mutum, kar ka toshe masa baki don ya dame ka. Bincika dalilin kukansa tukuna. Girman kai rawanin tsiya ne. Tura wa wanda ka san ba ya jin magana, wataƙila ka ceci gida guda.