Wanda Ya Bi Hanyar Hankaka

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Dabbobi ne suka kafa gari a jikin tudu, kasuwa a bisa, rafi a ƙasa. Hankaka, sarkin iyayi, ya leƙo daga sama, ya ga hanyoyinsu a murɗe kamar hanjin akuya. Haushi ya kama shi.

Ya je gaban sarki, Toron Giwa. "Allah ya ba ka nasara, a ba ni igiya in miƙe garin nan."

Sarki ya ce, "Ja igiyarka. Amma in damina ta faɗi ba wanda ya bi hanyar, ka bar mana gari."

Hankaka ya ja igiya daga kasuwa har gindin tudu, ɗoɗar. Aka sare itatuwa, aka kwashe duwatsu. A ƙarshen hanyar ya gina gidansa na ƙasa, wai don mai saukowa ya yi masa sannu da aiki.

Sai ga Jaki zai hau kasuwa. Hankaka ya ce, "Malam Jaki, ga hanya."

"Ka taɓa hawan tudu da mangala?"

"Ni da fiffike?"

"Shi ya sa." Ya bi zagayensa.

Hankaka ya tari Raƙumi a bisa. "Dogo, ga hanya."

"In na gangara nan da gishiri, kayan zai riga ni isa."

Ya tari Kunkuru. "Baba, ga hanya, kusa ce."

"Ba ta biya ta ƙofar kowa ba. Wa zan gaisar, wa zai ba ni fura?"

Hadari ya haɗo. Hankaka ya roƙi Allah ya kawo mai bi, ko ɗaya ne.

Allah maji roƙon bawa. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya ga hanya ba kwana ba dutse, ya bi ta a guje, ya shiga zauren Hankaka ba sallama, ya wuce rafi da gidan.

Sarki ya ce, "Magana ɗaya ce. An bi hanyarka, yi zamanka."

Hankaka ya dubi inda zai zauna. Sai laka.

Shi ya sa har yau a kan bishiya yake sheƙa, lungunan gari kuwa sawun jaki suke bi. Wanda bai taka ƙasa da kaya ba, kada ya shata mata hanya.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku tashi min daga tabarma.