Kurege da Leburorin Ƙarfe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, ko ta dariya ce ko ta kuka.

Kurege ne ya haƙa rami a bakin siton hatsin Alhaji Kada, shi da 'ya'yansa. Jakuna ne leburorin siton, babbansu Baba Jaki. Al'adar wurin kuwa, abin da ya zube ƙasa ba ya komawa buhu, na leburori ne, da yamma su share su raba. Baba Jaki kullum sai ya yi tuntuɓe a ƙofar ramin, gero ya watse, Kurege ya kwashi rabonsa.

Amma kun san Kurege da haɗama. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya ce, "Ranka ya daɗe, jakunan nan sun tsufa, sai ci sai tuntuɓe. Ka sayo leburorin ƙarfe, ba ci ba barci."

A ransa kuwa cewa yake, ƙarfe ba shi da baki, duk abin da ya zube nawa ne ni kaɗai.

Aka sayo injina masu taya da hannuwa, aka sallami jakuna. Baba Jaki ya fita kunnuwa a sake, ko waiwaye bai yi ba.

Kurege ya shimfiɗa tabarma ya zauna jiran tuntuɓe. Inji ya wuce, ko ƙwaya. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Ƙarfe." Shiru. Ya sa dutse a hanya, inji ya kewaye. Ya kwanta a hanya, inji ya kewaye. Yunwa ta sa ya faɗa buhu, inji ya ɗinke buhun da shi a ciki, ya ɗora a mota. Da ƙyar ya ci gindin buhun ya diro, rabin jelarsa ya tafi Legas.

Ya dawo ya tarar 'ya'yansa sun daina ma kuka, sai kallonsa kawai suke. Wallahi abin tausayi.

Ya fita nema, ya sami Baba Jaki a bakin titi yana tauna kwali, haƙarƙari duk a waje. Ya ce, "Baba, injinan nan ba su iya aiki ba, ko tuntuɓe ba sa yi."

Baba Jaki ya ajiye kwalin. Ya ce, "Ɗana, tun ina saurayi nake dako a siton nan. Ka taɓa ganin na yi tuntuɓe a wani wuri in ba ƙofar raminka ba?"

Baba Jaki ya yage kwalin biyu, ya tura wa Kurege rabi, ya ce, "Kai wa yara."

Kurunkus, kan Kurege mai guntuwar jela. In ka ga tsoho yana yawan tuntuɓe a ƙofarka, kada ka kai ƙararsa, ƙara masa dutse.